Tsohuwar taswirar katako ta Afirka: wane yaro za a ba, wane za a hana

Tambaya: Wata uwa daga unguwar Zariya, nan Maraɗi, ta aiko da sallama da wannan tambaya. Maigidanta ya sayo wa yara tsohuwar taswirar Afirka ta katako a wajen masu kayan gwanjo, irin wadda aka yanka ƙasa-ƙasa, ana cirewa ana mayarwa. Rubutun jikinta Faransanci ne. Babban ɗanta, mai shekara 10 da ke CM1, aji biyar na firamare, ya nemi Burkina Faso ya rasa, sai Haute-Volta ya gani. Wurin Benin an rubuta Dahomey, ga kuma wata ƙatuwar ƙasa wai ita Zaïre. Guntu biyu sun ɓace. Bayan babban akwai yarinya mai shekara 5 da auta mai shekara 2. Ta ce: "Malam, ilimi wannan abu zai ƙara musu ko rikita su zai yi? Kuma babu wata illa a jikinsa?"

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗiyata. Allah ya raya mana su, ya yi musu albarka.

Bari in ba ki amsar a dunƙule, sannan mu warware ta. Abu guda aka sayo, amma yara uku gare ki, kuma kowannensu da nasa hukuncin. Auta kada ya taɓa ta sam, ko kina zaune a wurin. Yarinyar za ta iya wasa da ita a gabanki idan fentin lafiya yake, sai dai ba ita ce taswirar da ya kamata ta fara da ita ba. Babban kuwa shi ne mai rabo, don tsofaffin sunayen nan da suka tayar miki da hankali su ne suka fi komai amfani a jikin allon.

Na daɗe a ajin firamare kafin in koma horar da malaman ƙananan yara, saboda haka wannan kaya ba baƙona ba ne. Duk wasannin haɗa guntaye da ake gani a kanti yau, masu hoton mota da zaki da jirgi, daga taswira suka samo asali. Wani mai zanen taswira a Landan, John Spilsbury, wanda ya koyi sana'ar a hannun Thomas Jefferys mai yi wa Sarki George na 3 taswira, shi ne ya yi suna da ita a wajajen 1766. Yakan manna taswirar takarda a kan siririn falankin katako mai ƙwari, ya bi iyakokin ƙasashe da siririn zarto yana yankawa, ya zuba a akwati ya sayar. Iri takwas ya fitar, ciki har da ta duniya da ta Turai da ta Afirka. Bai yi tsawon rai ba, ya rasu a 1769, amma sana'ar ta ɗore. A lokacin sai gidan masu hannu da shuni ake ganinta. Lady Charlotte Finch, mai renon ƴaƴan sarkin Ingila, da irinta take koya musu ƙasashe. Na kwali masu araha, waɗanda inji ke bugawa dubbai, sai a shekarun 1930 suka cika gidaje a Amurka, lokacin karayar tattalin arziki, da mutane suka rasa kuɗin fita shaƙatawa.

A makarantun da ke bin tsarin Maria Montessori, likitar Italiya da ta buɗe gidan yaranta na farko a Rum a 1907, taswirar katako na cikin kayan aji na yau da kullum. Suna kafa wa kowane guntu ɗan mariƙi a daidai inda babban birni yake, yaro ya ɗaga shi da yatsu uku, yatsun da zai riƙe alƙalami da su gobe.

Mu dawo kan taki. Abin farko shi ne sanin shekarunta, don daga nan maganar lafiya za ta fito, kuma allon da kansa zai gaya miki. Idan Nijar tana zaune a matsayin ƙasa mai cin gashin kanta, to daga 1960 ne zuwa gaba. Da ta girmi haka, da kin ga Mali da sunan Soudan français, an haɗa mu duka a ƙarƙashin haruffan A.O.F., wato Afirka ta Yamma ta Faransa. Sunan Zaïre sai a 1971 Mobutu ya laƙaba wa Kwango, ya zauna har 1997. Dahomey kuma a ƙarshen 1975 ta koma Benin. Kin ga an kewaye ta ke nan: tsakanin 1971 da 1975 aka zana ta. Haute-Volta ba za ta taimaka ba a nan, don ita sai a 1984 Thomas Sankara ya mayar da ita Burkina Faso. In ana son a ƙara matse lissafin, a duba babban birnin Cadi. Idan Fort-Lamy aka rubuta, ba ta wuce 1973 ba, shekarar da aka sa masa N'Djaména. Ki dai bar ɗan sarari, domin masu ƙera kayan wasa ba sa gaggawar sauya zanen da suka riga suka kashe wa kuɗi. Sukan yi shekaru suna buga tsohon. Ko ta yaya aka lissafa, abin da ke hannunki ya ba shekara 45 baya, wataƙila ma ya haura 50.

To a nan damuwata take. Fentin wancan zamani, musamman rawaya da ja da ruwan goro, sau da yawa akwai dalma a ciki. Amurka ma sai a 1978 ta haramta fenti mai dalma a kayan yara da bangon gidaje. Ido ba ya gane ta, hanci ba ya jin ta. Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani a kan gubar dalma ba, tunda maƙwabtanmu na Zamfara sun ga tashin hankalinta a 2010, lokacin da yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum sanadiyyar niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Ba ina cewa allon wasa zai yi irin wannan ɓarna ba, nesa ba kusa ba. Ta fenti a hankali take aiki: ta taru a jini, ta rage wa yaro kaifin fahimta, ta jawo ƙarancin jini, kuma abin da ta ɓata a ƙwaƙwalwa ba ya dawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani ƙanƙanin adadinta a jinin yaro da aka san ba ya cutarwa. Ɗan shekara 2 kuwa bakinsa ne hannunsa na uku, komai ya ɗauka can zai kai.

Ki ɗauki guntu ɗaya ki duba shi a hasken rana. Fenti ne aka shafa wa katakon kai tsaye, ko takarda ce aka buga aka manna? Ki murza babban yatsa a kai. Idan launi ya biyo yatsa, ko kin ga yana ɓamɓarewa, ko gefuna sun yi gari-gari, to ta gama wasa: a haɗa ta, a sa mata gilashi, a rataye a bango, a riƙa karatunta da ido. Idan kuwa fuskar sumul take, manyan biyu su yi wasansu, da sharaɗin ba a ci ana taɓawa, kuma a wanke hannu da sabulu in an tashi. Wani kafinta zai ce ki kawo ya goge miki ita da sanfefa ya sake fenti ta koma sabuwa. Kada ki yarda. Gugar ita ce ke mayar da dalmar ƙura, ƙurar ta sauka a tabarma da tsakar gida inda auta ke yini.

Haɗari na biyu ya fi wannan gaggawa, shi ne shaƙewa. Masu gwada kayan wasa suna da wani ɗan bututu mai faɗin baki santimita 3.17, duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya, ba na yaron da bai kai shekara 3 ba ne. Taswirar Afirka kuwa cike take da irinsu: Togo, Gambiya, Ruwanda, Burundi, Lesoto, da ita kanta Dahomey. Ba zan yi mamaki ba idan guntayen nan biyu da suka ɓace daga cikinsu suke, don kullum su ne ke fara tafiya. In akwai mariƙai a jikin guntayen, ki jijjiga kowanne, gam ɗin da ya shekara 50 ba abin amincewa ba ne. Shi auta a yi masa nasa, kada a bar shi yana kuka: kwali mai kauri, a zana babban abu guda, a raba shi uku ko huɗu, kowane yanki ya fi tafin hannunsa girma.

Yanzu yarinyar. A shekara 5, ba ƙasashe take koya a wannan allo ba, ko da bakinta ya iya faɗar sunayensu. Hannu da ido take horarwa, kuma wannan ya fi sunayen daraja a yanzu. Na sha zama ina kallon yadda abin ke faruwa. Yarinya ta ɗauki Mali, ta kai ramin da ya dace, ta danna, ta ƙi shiga. Ta buga da tafin hannu, shiru. Ta ɗaga kai ta dubi malama, malama ta yi kamar ba ta gani ba. Sai ta sake ɗaga guntun, ta ƙura wa siririn ƙugun nan na Mali ido, ta dubi ramin, ta juya shi kaɗan, ta ƙara juyawa, sai ka ji ƙwas, ya zauna. Wata rana za ki ga ta tsaya da guntu a sama, ba ta kai shi ramin ba tukuna, tana juya shi a iska. A ranta take gwadawa kafin hannu ya gwada, kuma wannan shi ne ribar wasan gaba ɗaya. Da shi za ta bambanta b da d a lakol, ta gane bakin ba da ta da sa a allo, ta fahimci siffofi a lissafi. Babu wanda ya ce mata ta yi kuskure. Katakon ne ya ƙi, ita kuma ta gyara. Shi ya sa babban aikinki shi ne riƙe hannunki. Mu manya ba mu da haƙuri, da mun ga yaro na fama sai mu karɓe mu saka masa, mu ɗauka taimako muka yi.

Akwai binciken da ya taɓo wannan. Susan Levine da abokan aikinta a Jami'ar Shikago sun wallafa shi a 2012: sun bi yara 53 a gidajensu daga wata 26 zuwa wata 46 da haihuwa, suka gwada su suna da shekara huɗu da rabi. Waɗanda aka ga suna wasan haɗa guntaye sun fi sauran iya juya siffa a zuci. Lura ce dai suka yi, ba raba yara suka yi gida biyu suka ba wasu suka hana wasu ba, saboda haka kada wani mai kanti ya ce miki an tabbatar allon nan na sa yaro ya zama injiniya. Abin da ya fi jan hankalina a aikin nasu shi ne muhimmancin da suka ba maganar da iyaye ke yi lokacin wasan. Mu kuwa harshenmu ba ya rasa kalmomin: gefe, kusurwa, tsini, lanƙwasa, miƙaƙƙe, juya, kife, tsakiya, dama da hagu. Maimakon "ba nan ba", ki ce "dubi gefen nan miƙaƙƙe, ina kika ga rami mai miƙaƙƙen gefe?"

Sai dai Afirka mai guntu kusan 50 ta yi mata yawa, kuma ta yi mata nisa. Ba a fara wa jariri da tuwo. Yaro daga inda ƙafarsa take yake fahimtar taswira, ya yi gaba. Ku fara da ƙasa da tsinke a tsakar gida: ga zaure, ga ɗakin Baba, ga madafa, ga randa, ga ƙofar gida. Ki ɓoye dabino a wani wuri, ki ɗiga alama a zanen, ta je ta nemo. Ranar da ta bi zanen ta samo dabinon, ta gane mene ne taswira, abin da wasu ɗaliban CM2, ajin ƙarshe na firamare, masu haddace manyan biranen duniya ba su gane ba. Daga gida sai hanyar makarantar allo, sai unguwa, sannan a zo ga Nijar.

Taswirar Nijar ta katako kuwa ba sai an jira gwanjo ba, kafintan unguwarku zai yi ta. Ki samo zanen jihohi daga littafin babban, masu fotokwafi su faɗaɗa miki shi ya kai kamar santimita 40 a faɗi. A nemi siririn katakon nan mai hawa-hawa da ake yin bayan kabad da shi, mai kaurin milimita 5 ko 6, falle biyu. Ɗaya ya zauna a ƙasa ba a taɓa shi. A ɗora zanen a kan na biyun da takardar kabon, a bi layi, a yanke ƙasar daga tsakiya, a manna abin da ya rage a kan na ƙasan ya zama gidanta. Ita ƙasar da aka ciro sai a raba ta jiha-jiha. Jihohinmu 8 ne, amma ki gaya masa guntu 7 zai yanka: Agadas, Difa, Damagaram, Maraɗi, Tawa, Doso, Tilaberi. Yamai a wannan ma'auni ba ta kai rabin santimita ba, in ya yanke ta an ƙera abin shaƙewa ke nan. A yi mata ɗigon launi a jikin Tilaberi. Tunda akwai auta a gidan, a bar maganar mariƙi, a huda fallen ƙasan a ƙarƙashin kowace jiha yadda yatsa zai turo guntun daga baya. Zarton lantarki na kafintocinmu yana da kaurin baki, yana cin katako, guntaye za su ɗan yi sako-sako. Ga ƙaramin hannu wannan alheri ne. Gefuna dai ya goge su sosai har sai kin shafa a kumatunki ba ki ji kaushi ba.

Batun launi, kada a gudu daga tsohuwar dalma a faɗa sabuwa. Gwaje-gwajen da aka yi wa fentin mai a kasuwannin ƙasashen Afirka da dama, har da Najeriya inda kayanmu da yawa ke fitowa, sun sha samun dalma mai yawa, musamman a rawaya da ja. A yi amfani da fentin ruwa irin na ƴan makaranta, ko a bar katakon da launinsa a rubuta suna a bayan guntu. In kuɗin kafinta bai samu ba, kwalin taliya biyu a manne su da gam, a yanka da reza, zai kai ƙarshen shekara. Sunayen a rubuta su da Hausa a gefe guda, da Faransanci a ɗayan, don Tawa da Tahoua, Damagaram da Zinder, su zama abu ɗaya a kanta tun yanzu.

Ga wata dabara da allon bango ba zai taɓa ba ki ba. Ki shimfiɗa taswirar a tabarma, arewarta ta fuskanci arewa ta gaske. Yaranmu sun riga sun san gabas saboda salla, sun san inda rana ke faɗuwa, to abin ba zai yi wuya ba. Da an daidaita ta, Damagaram tana gabas da gaske, Tawa na yamma, in ta nuna bakin allon na kudu tana nuna hanyar Ɗan Isa da Jibiya ne. Yaron da bai taɓa ganin taswira ba sai a rataye, yakan tashi da tunanin arewa sama ce, kudu ƙasa, har ka ji yana mamakin yadda kogi zai gangara arewa. Gulbin Maraɗi kuwa haka yake yi a gabansa: daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya shigo ta Madarumfa, ya wuce Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, sannan ya karkata ya koma Najeriya ya haɗu da gulbin Rima. Ki ba ta shuɗin zare ta shimfiɗa shi, da baƙin zare na babbar hanya daga Yamai ta Doso da Ƙonni zuwa nan, ya wuce Tasawa ya nufi Damagaram da Difa.

Wajen sunaye, uku-uku ake bi, da matakan nan da Montessori ta ɗauko daga likitan Faransa Édouard Séguin. Da farko ki faɗa: wannan Tawa ce. Sannan ki nema: miƙo mini Tawa, ɓoye Difa a bayanki, ɗora Maraɗi a kanki. A wannan mataki ake daɗewa, a yi ta wasa. Sai can ki ɗaga guntu ki ce, wannan fa? In ta kasa, ba faɗa, a koma baya. Kowane suna kuma a rataya masa wani abu da ta sani: inda goggo ke aure, inda albasa ke fitowa, inda ake kawo tattasai da busasshen kifi. Suna maras mutum a cikinsa ba ya kwana a kan yaro.

Shi ma babban zai samu abin ci a wannan allo na Nijar. Ki ba shi guntun Maraɗi ya gwada sau nawa zai shiga cikin Agadas. Agadas ta fi rabin ƙasar, murabba'in kilomita kusan 668,000 cikin 1,267,000, Maraɗi kuma ba ta cika 42,000 ba, wato kusan sau 16. Sannan ki gaya masa a ƙidayar 2012 mutanen jihar Maraɗi sun kai miliyan 3.4, na Agadas ba su cika rabin miliyan ba, ki tambaye shi dalili. Daga nan zancen ruwan sama da noma da hamada zai taso da kansa. In ya ƙware, kafinta ya yanka masa jihar Maraɗi gunduma-gunduma: Dakoro, Bermo, Mayahi, Tasawa, Gazawa, Agiye, Madarumfa, Gidan Rumji.

Amma tsohuwar ta Afirka ita ce tasa ta musamman. Tsoron rikicewa yana da tushe idan aka miƙa masa ita aka tafi, har ya je ya rubuta Zaïre a jarrabawa. Maganinsa a ajiye taswirar yau a gefenta, ta littafinsa ma ta isa, a ce ya nemo duk inda suka saɓa, ya rubuta a takarda: tsohon suna, sabon suna, shekara. Zai tarar da Rhodésie inda Zimbabuwe take tun 1980. Zai tarar babban birnin Najeriya Legas ne, don sai a Disamban 1991 aka koma Abuja. Zai nemi Iritiriya ya rasa, tana cikin Habasha har 1993. Sudan guntu ɗaya ce ƙatuwa, ba a cire mata kudu ba sai 2011. Angola da Mozambik wataƙila har da alamar Fotugal a jikinsu, tunda a 1975 suka samu ƴanci. Ya dubi Tafkin Cadi ma: a farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, kuma masu zane sun daɗe suna zana shi haka bayan fari ya cinye mafi yawansa. Yaron da ya yi wannan aiki da hannunsa ba zai rikice ba. Shi ne ma zai riƙa gyara wa ƴan ajinsu.

Akwai tambayar da nake fatan ya yi miki, in bai yi ba ki tsokano ta: wa ya yanka? Allon katako yana da wani aibi da ba a cika faɗa ba. Yana sa yaro ya ji kamar kowace ƙasa aba ce da aka halitta da gefunanta, kana ɗaga Nijar ta rabu da Najeriya tsaf, ba abin da ya tsinke. Ɗan Maraɗi kuwa ya san ba haka ba ne, tunda kakarsa na Jibiya ko Katsina, kuma sarkin garinsu Sarkin Katsina ake ce masa, saboda gidan sarautar Katsina ne ya kafu a nan a farkon ƙarni na 19 bayan jihadi, zamanin sarkinsu Ɗan Kasawa. Layin da zarto ya bi a kudancin guntun Nijar, Turawa ne suka yi ta ja suna gogewa. A 1890 Ingila da Faransa suka ja shi a takarda daga Sayi zuwa Baruwa a bakin Tafkin Cadi. A 1898 suka sake, suka zagaye Sakkwato da da'ira mai nisan mil 100, layin ya bi ta arewa da Maraɗi. Faransawa suka ga hanyarsu ta zuwa Damagaram ta faɗa inda babu rijiyoyi, suka nemi gyara, aka turo layin kudu a 1904 da 1906, sannan Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasa suna kafa alamomi daga 1906 zuwa 1908. Da an tsaya a kan na 1898, da ɗanki Turancin Ingila yake karatu yau. Ki bar shi ya riƙe guntayen biyu a hannu lokacin da kike ba shi wannan labari, ya haɗa su a waje da allon, ya nemi inda Katsina da Gobir da Daura suke a kan tsagar.

In wata rana kuka ci karo da ta duniya, ki duba girman tsibirin Girinlan da ke can arewacin duniya. Idan ta yi kusan kai ɗaya da Afirka, zanen mai taswira Mercator ne na 1569, wanda aka yi don matuƙa jirgin ruwa, yana kumbura ƙasashen da ke kusa da ƙarshen duniya. Afirka ta ninka Girinlan kusan sau 14. A takarda ma wannan ruɗi ne, balle a katako inda yaro ke auna girma da nauyin abin da ke hannunsa.

Maigidan zai so sanin ko ya tsinci dami a kala. Ya kwantar da hankalinsa. Na shekarun 1970 da yawa aka buga su, darajarsu ta karatu ce ba ta kuɗi ba, balle mai giɓi. Waɗanda masu tara kayan tarihi ke nema su ne na ƙarni na 18 da na 19: takarda mai launin da aka shafa da hannu, katako mai nauyi, guntayen da ba sa sarƙe juna sai dai su jingina, da akwatin katako mai murfin zamewa. Irin wannan in ta faɗo hannun mutum, ba ta yara ba ce.

Ajiya ba ta da wuya amma tana son kula. Gara ce babbar abokiyar gaba, saboda haka kada ta kwana a ƙasa ko jingine da bangon ƙasa. Ranar bazara na tsage siririn katako, laimar damina na kumbura shi har guntaye su ƙi shiga, to a kwantar da ita a kan kabad cikin jakar yadi, inda hannun auta ba ya kaiwa. Busasshen tsumma ya isa shara, ruwa na ɗaga takardar. Ki ɗora wa babban alhakin ƙirga guntaye duk lokacin da aka tashi, kafin a share ɗakin.

Su kuma biyun da suka ɓace, a haɗa sauran duka, a zura farar takarda ƙarƙashin giɓin, a bi bakinsa da fensir mai tsini, a kai wa kafinta ya fitar da su daga ragowar katakon taswirar Nijar, ya daidaita kaurin. Kada a wahala wajen kwaikwayon tsohon launi. A bar su farare, yaron ya gano da kansa waɗanne ƙasashe ne, ya rubuta musu suna. Idan ya ce a kawo zarto a raba Sudan biyu don ta dace da zamani, ki hana. Ya kwafe siffarta a kwali, ya yanka kwalin a inda littafinsa ya nuna, ya ɗora a kan ta katakon.